Yadda Ake Koyon Tafiyar Noh Kafin a Taɓa Fuskar Katako

Duk ɗan wasa ko mai rawa da ya zo mini yana son horon Noh, fuskar katakon nan da 'yan wasan ke ɗaurawa ce ta jawo shi. Ni kuwa ba na barin kowa ya taɓa ta sai ya yi wata uku yana tafiya kawai. Noh wasan Japan ne da Kan'ami da ɗansa Zeami suka daidaita a ƙarni na 14, kuma har yau gidaje biyar ke riƙe da horon manyan 'yan wasansa: Kanze, Hosho, Komparu, Kongo da Kita. A dukkansu tsayuwa da tafiya su ne tushe.

Fara da wuri. Dandamalin Noh kusan mita 6 ne ta kowane gefe, na gogaggen katakon hinoki, wani icen Japan. Kai dai ka nemi daɓe mai sulɓi ka auna kwatankwacin haka. Kafet ba ya yi, yana riƙe ƙafa. 'Yan wasan Noh farar safa suke sawa mai suna tabi, wadda ta ware babban yatsa. Odar ta daga waje akwai tsada, safar auduga mai kauri ta ishe ka. Kada ka sa ta roba, santsinta zai yi maka aikin da cinyarka ya kamata ta yi.

Tsayuwar sunanta kamae. Haɗa ƙafafu, saki gwiwa kaɗan, tura ƙugu baya, ƙirji ya ɗan yi gaba. Ja haɓa ciki, ƙeya a miƙe. Hannaye su rabu da jiki kamar ka ɓoye ƙwai a kowace hammata. Tsaya haka minti uku kullum kafin ka yi taku ɗaya.

Sai tafiyar, suriashi, inda kusan kowa ke faɗuwa. Dunduniya ba ta rabuwa da ƙasa. Za ka zame ƙafa ɗaya gaba, tafinta manne da daɓe, idan ta kai inda za ta tsaya sai yatsu su ɗago kaɗan, su sauka a hankali, sannan ɗayar ta biyo. A baki abu ne mai sauƙi. Amma sabon ɗalibi da ƙafa yake tafiya, alhali ƙugu ne ya kamata ya tafi, ƙafa ta bi shi. Za ka gane shi daga kansa: yana hawa yana sauka a kowane taku, kafaɗu suna rangaji. Wanda ya iya kuwa kamar a kan ruwa ake tura shi.

A nan ni ma na sha wuya. Na ɗauka idan na ƙara durƙusawa kan zai daina motsi, sai na riƙa lanƙwasa gwiwa fiye da kima. Kan bai daina ba, gwiwar dama ta kumbura, na yi mako biyu ban taka daɓe ba. Gyaran daga ciki yake, can ƙasan cibiya. Ka ɗaure wurin kamar ka ci ɗamara, ka bar nauyinka a kan ƙafar da ke tsaye har sai mai zamewar ta kusa isa, sannan nauyin ya ƙaura a hankali ba tare da ka faɗa kanta ba.

Abu biyu nake sa ɗalibai. Na farko, a manna zare a madubi daidai tsayin idonka, ka tunkaro shi, idon kada ya wuce zaren sama ko ƙasa. Na biyu ya fi amfani: abokinka ya zagaya ƙugunka da zani ya riƙe daga baya, yana ja kaɗan, kai kana gaba. Bayan taku goma ya saki, ka ci gaba kamar har yanzu yana riƙe. Wannan jayayyar tsakanin gaba da baya ita ce ke sa mutum yana tafiya a hankali amma 'yan kallo ba sa iya ɗauke ido. Kuma kada ka kalli ƙafarka ko sau ɗaya, nan gaba idan ka ɗaura fuskar ba za ka gan ta ba.

Idan kan ya natsu, shigo da abin da suke kira jo-ha-kyu: ka tashi a hankali, saurin ya ƙaru, ka tsaya cak. Tsayawar ta fi tashin wuya. Ƙafa ta tsaya, cikin yana nan a ɗaure, kada ka saki numfashi ka zube. Juyawa kuma da ƙafa ake yin ta, ƙugu da ƙirji su juya tare. Buga ƙafa ka bar shi sai ƙarshe. A tsofaffin dandamali ana ajiye manyan tuluna a ƙarƙashin katako don amo, kai a kan siminti gwiwarka kawai za ka ci.

Yanzu fuskar. Ta gaskiya kuɗinta ba na ɗalibi ba ne, don haka yanki kwali ka huda ƙananan ramuka biyu na ido, ka ɗaura a fuskarka. Nan take za ka gane dalilin ginshiƙai huɗu na dandamalin, ta ramukan kaɗan ake gani, da ginshiƙan ɗan wasa ke gane inda yake, har ɗaya ana kiransa metsuke-bashira, ginshiƙin kafa ido. Ajiye kujera a kowace kusurwa a madadin ginshiƙan. Ɗaga fuska kaɗan, terasu, sai ta yi haske kamar murna. Sunkuyar da ita kaɗan, kumorasu, sai ta yi duhu. Kaɗan nake nufi, faɗin yatsa. Idan wata rana aka miƙo maka ta katako, riƙe ta daga gefe wajen ramin igiya, kada yatsa ya taɓa fentin, kuma 'yan wasan Noh rusuna mata suke yi kafin su ɗaura. Minti goma ya isa a kwanakin farko, jiri na kama mutane, idan ka ji shi ka cire ka zauna.