Yadda Ake Fita Farautar Elk da Barewa Tare da Yara a Duwatsun Kolorado

Elk wata babbar barewa ce ta Arewacin Amurka. Namijin da ya ƙosa yakan kai kilo 320, ya ɗara gwanki nauyi, kuma ƙahonsa mai rassa duk shekara yake zubar da shi ya tsiro sabo. A Amurka babu jihar da ta kai Kolorado yawansu, sun doshi 300,000 a cikin duwatsun Roki. Duk da wannan yawa, akasarin mafarauta hannu rabbana suke komawa gida. Ka riƙe wannan tun yanzu, domin idan da yara za ka fita, ƙafar yaron da ɗumin jikinsa su za su tsara maka tafiyar, ba girman ƙahon da kake mafarki ba.

Da farko, takardu

Farautar Oktoba tun watan Afrilu ake fara ta. A farkon Afrilu hukumar kula da namun dawa ta jihar ke rufe karɓar sunayen masu shiga ƙuri'ar lasisi. An yanka jihar shiyya-shiyya, kowace da lambarta, kuma lasisin da ka samu zai faɗi shiyyar, da ranakun, da irin makamin, da ko mace za ka harba ko namiji. Wanda bai ci ƙuri'ar zaɓinsa na farko ba yana tara maki da zai taimake shi a shekara mai zuwa. Dokokin na sauyawa kusan kowace shekara, musamman ga wanda ba mazaunin jihar ba, don haka ɗan littafin bana za ka karanta, ba abin da aboki ya gaya maka bara ba.

Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar kammala kwas ɗin koyon farauta. Yaro ba ya farautar manyan dabbobi sai ya cika shekara 12, kuma in bai kai 16 ba dole babba mai shekara 18 ko fiye ya kasance tare da shi. Ƙananan yara na iya bin ku su kalla, amma ba su riƙe bindiga ba. Wanda ke zaune a Amurka da biza ta ɗan lokaci ya binciki dokar tarayya kan riƙe bindiga kafin ya taɓa ta.

Shawarata ita ce ka nema wa yaron lasisin barewa ko na macen elk a shekararsa ta farko. Sun fi sauƙin samu, sun fi sauƙin gani, naman macen kuma ya fi taushi.

Sannan horo, tun bazara

Kada bindigar da za a yi farauta da ita ta zama ta farko da yaro zai harba. Fara masa da ƙaramar bindiga mai lamba .22 (lambar tana nuna kaurin harsashi ne) wadda ba ta dukan kafaɗa, har ya iya numfashi da jan kunama a hankali. Daga nan a koma irin su .243 ko 7mm-08. A farautar manyan dabbobi, dokar jihar ba ta yarda da abin da ya gaza .24 ba. Yaron da bindiga ta naushe shi tun ranar farko zai riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar fita. A sa masa abin toshe kunne kowane lokaci. Ya koyi harbi a zaune da kuma a kwance, bindigar na kan jaka ko sanduna, domin a dutse babu tebur. Nisan da yake iya saka harsashi biyar a jere cikin faɗin faranti, shi ne iyakarsa. Ga yawancin yara wannan bai wuce mita 150 zuwa 200 ba.

Abu uku za ka nanata masa har ya gaji da ji: bakin bindiga ba ya kallon mutum, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an shirya harbi, kuma sai ka san abin da ke bayan dabbar kafin ka harba.

In da hali, ka kai iyalin garin Estes Park a watan Satumba, lokacin barbararsu. Ba a farauta a gandun dajin da ke maƙwabtaka da garin, saboda haka elk suna yawo a fili, mazan na wani irin kuka mai kama da busar sarewa da ke ƙarewa da gurnani. Yaron da ya ji wannan da kunnensa ba sai ka lallashe shi ya tashi da asuba ba.

Tsayin dutse da sanyi

Nan ne aka fi yin kuskure. Birnin Denba kansa yana kan tsayin mita 1,600, wuraren da elk ke zama kuwa sukan kai mita 2,500 zuwa 3,500. Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Ku kwana ɗaya ko biyu a ƙasa-ƙasa kafin ku hau, a sha ruwa da yawa. Babba zai ce kansa na ciwo, ƙaramin yaro kuwa sai dai ka ga ya ƙi abinci, ya yi shiru ko ya kama rigima ba dalili. In aka kai ga amai, ko tangaɗi, ko numfashi da ƙyar alhali yana zaune, maganin ɗaya ne: a sauko nan take, ko da tsakar dare ne.

Tufafi kuma, ka manta da auduga. In ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. A sa ulu ko yadin roba daga ciki, rigar sanyi a tsakiya, mai tare ruwa da iska a waje. Safa biyu-biyu a jaka, safar hannu ta ajiya, takalmin da aka riga aka taka ya saba da ƙafa. Dusar ƙanƙara tana iya sauka a Oktoba ba sallama. A lokacin farautar bindiga doka ta tilasta wa mafarauci sa riga da hula masu launin ruwan lemo mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli, faɗin inci 500 murabba'i daga ƙugu zuwa sama. Ka sa wa har yaran da ba sa riƙe da komai. Kowane yaro ya rataya usur a wuya, kuma ya san in ya ɓace zama zai yi wuri ɗaya ya yi ta busawa.

Ka kafa tanti kusa da inda mota ke iya zuwa. Waya ba ta da sabis a yawancin wuraren, don haka ka sauke taswira tun daga gari, ka bar wa wani bayanin inda kuke da ranar dawowa. Taswirar tana da wani amfanin: gonar mutum da dajin gwamnati a cakuɗe suke, kuma a Kolorado shiga filin wani ba izini laifi ne ko da babu shinge ko allo.

Ranar fita

An halatta harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Wato da an sallame sallar asuba ya kamata ku kasance a wurin zama. A cikin mota kada harsashi ya kasance a bakin bindiga, wannan ma doka ce.

Da yara, zama ya fi yawo. Ka nemi tudun da ke kallon fili mai ciyawa a bakin itatuwa, ku zauna da madubin hangen nesa, ka ba kowa nasa ko da mai araha ne. Idon yaro yakan riga naka ganin motsin kunne a cikin duhuwa. Elk na iya yafe maka ƙara, ya ma yafe maka motsi, amma ba ya yafe wari. Da sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi, in rana ta dumama dutse sai ta juya ta hau sama. Saboda haka da safe ka kasance ƙasa da su, da hantsi ka kasance sama da su. Ba wa ƙaramin cikin yaran aikin duba iska da ɗan garin toka a kwalba, zai ji shi ma da shi ake yi.

Awa biyu zuwa uku sun isa. A cika aljihu da dabino, gyaɗa da shayi mai zafi a fulas. In ya ce sanyi yake ji, ku tashi. Na san akwai ciwo a bar wuri daidai lokacin da dabbobi ke fitowa, amma yaron da ya wuni yana karkarwa ba zai biyo ka baɗi ba.

Harbi da abin da ke biyo baya

A jira dabbar ta ba da gefe, tana tsaye, babu wata a bayanta. A saita bayan karfata, inda huhu da zuciya suke. A yawancin shiyyoyi namijin elk sai yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya, ko reshen goshi mai inci 5, kafin ya halatta, don haka kai ne za ka ƙirga kafin ka ce masa ya harba. Musulmi ya yi bisimilla lokacin jan kunama, in kuma ya tarar da ita da sauran rai ya yanka. Amma kada ka kusanci elk yana shure-shure, ka ƙara masa harsashi tukuna. In yaron ya ce ba zai iya ba, ka ƙyale shi, kada ka yi masa gori.

In ta ruga, ku lura da inda ta shiga, ku jira kamar rabin awa, sannan ku bi jini. Da kun same ta, a cike takardar shaida ta jikin lasisi a ɗaura, kuma a bar alamar mace ko namiji manne da ɗaya daga cikin sassan naman.

Elk ba ya jawuwa. A nan inda ya faɗi ake feɗe shi, a cire cinyoyi da karfatu, da naman gadon baya, da tantaƙwashi, da na wuya, a zuba a buhunan yadi a rataye a inuwa ya sha iska. Zafin jikinsa shi ke ɓata nama, ko da gari da sanyi. Ɗaukar ƙaho a bar nama a daji babban laifi ne. A sa safar roba, a guji taɓa ƙwaƙwalwa da lakar baya saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke ramar da barewa, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967. A wasu shiyyoyi dole ne a kai kan a gwada, kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman wadda ta kamu.

Naman babban namiji yakan doshi kilo 100 bayan an zare ƙashi, wato sawu huɗu ko biyar a baya. Ka ba yaron buhun tantaƙwashi ya ɗauka, kai ka ɗauki cinya. Wanda ya rage a rataye shi nesa da kayan ciki, kuma idan kun dawo ɗauka da safe ku riƙa magana da ƙarfi tun daga nesa, domin beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, ita ma tana bin warin jini.