Yadda ake zaɓen batirin ƙaramar taraktar lambu da yi masa caji a Legas

Wanda ke kula da lambu ko yankan ciyawa a gidajen Lekki da Ikeja, ko mai noman ganye a wajen Ikorodu da Ojo, idan ƙaramar tarakta mai aiki da lantarki ta shigo hannunsa, batir ne zai fi cin kuɗinsa. Kuma a garin nan ba aiki ke kashe batir ba, rabin caji da zafi ne suke kashe shi. Don haka tun kafin ka nufi kasuwar kayan lantarki ta Alaba, san irin wutar da kake samu a unguwarku.

Fara da ɗaga kujerar taraktar ka karanta abin da aka rubuta. Wasu 36V ne, wasu 48V, wasu ma sun fi haka; V ɗin nan ƙarfin wutar ke nan. Mai 48V tana ɗaukar batir huɗu masu 12V a jere, ko takwas masu 6V. Auna tsawo da faɗin ramin da suke zama, domin dogayen batiran inbata, waɗanda nauyin ɗaya kan kai wajen kilo 60, ba sa shiga ramin yawancin waɗannan injuna.

Sai ka yi lissafi. Ninka V da Ah, wato lambar girman batir da ke rubuce a jikinsa, shi ne wutar da batir ke ɗauka: 48V da 100Ah ya ba ka 4,800Wh. Amma ba dukanta ce taka ba. Batirin dalma, wato mai ruwa da 'yan uwansa rufaffu, bai kamata a sha fiye da rabinsa ba kafin a mayar da shi caji. Na litiyam, musamman wanda aka rubuta wa LiFePO4, yana jure a sha kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma yana yin zagayen caji dubbai a inda na dalma ke yin ɗaruruwa.

Ni dai ga mazaunin Legas na fi ganin hikimar sayen litiyam, ko da ya fi tsada a ranar saye. Dalilina ɗaya ne. Batirin dalma yana son a cika shi tam duk bayan aiki, kuma cikar nan kan ci awa takwas zuwa goma. Idan ana ɗauke wuta yana tsakiya, gobe ma haka, sai wani farin gishiri ya daskare a kan farantan da ke cikinsa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa ba dawowa. Litiyam bai damu da rabin caji ba. In kana layin Band A, wanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, ko kana da sola mai ƙarfi, to na dalma ma zai yi maka aiki, muddin mai jure doguwar sha ne irin na motocin filin golf. Batirin mota kuwa kada ka ko kalle shi. An yi shi ne don tada inji na daƙiƙoƙi kaɗan, ba don ja na awa biyu ba.

A kasuwa tafi da mitarka ta auna ƙarfin wutar batir. Batirin dalma mai 12V da ya cika ya huta zai nuna wajen 12.6 zuwa 12.7. Idan ka ga 12.2, rabi ne. Ƙasa da 12 kuwa, ka ce wa mai shago Allah ya ba da kasuwa ka yi gaba. Ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin dalma ce nauyin, kuma wanda ya yi sakayau an rage masa ita. Sayi duka a rana ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Sabo ɗaya a cikin tsofaffi uku asara ce, don mafi rauninsu shi ke ja da sauran ƙasa. Na litiyam kuma ka tabbatar yana da allon kariyar da ake kira BMS, kuma allon zai iya jure wutar da injin taraktar ke ja a kan hawa.

Yanzu caja. Duba bayanta da kyau, musamman in taraktar tokumbo ce daga Amurka: can wutarsu 120V ce, tamu 230V. Cajar da aka rubuta wa 120V kaɗai, kana soka ta a bango za ta ƙone, sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Kuma cajar dalma daban, ta litiyam daban. Idan ka sauya batir, sauya caja. Mai 48V da 10A tana jan sama da wat 500, saboda haka ƙaramin janareton nan na kunna fanka da talabijin zai sha wuya da ita. Inda wuta ke hawa da sauka, sa mata sitabilaiza.

Bayan an tashi aiki, bar batir ya huce kamar rabin awa a inuwa, sannan ka jona. Zafi ba abin wasa ba ne: batirin dalma an auna rayuwarsa a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. Ɗakin kwano rufaffe da tsakar rana a watan Maris ya wuce haka nesa. Nemi wuri mai iska, don mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji. Ba sigari, ba risho a kusa. A damina kuma ɗora cajar a kan benci, kada ruwan da ke malala cikin gida ya same ta.

Duk mako biyu buɗe murafun mai ruwa ka leƙa. Ruwan batir tatacce za ka ƙara, ba na famfo ko fiyawata ba, kuma bayan caji ake ƙarawa, sai fa in farantan sun fito fili, a nan ka ɗan zuba ruwan ya rufe su tun kafin caji. Masu zama kusa da teku, Ajah ko Badagry, za su ga kan batir yana yin farin gari ko kore da wuri saboda gishirin iska. Cire waya, goge da ruwan ɗumi da ɗan bekin soda, ɗaure da kyau, ka shafa basilin. In za ka tafi gida Arewa hutun Sallah, cika na dalma ka cire wayarsa, na litiyam kuma bar shi a wajen rabi.