Ku jiƙa ƙyalle kafin ku sa almakashi

Ƴan'uwa teloli, musamman masu shirya kayan nuni kafin Sallah: kada ku yanka saƙi ko atamfa sai kun gwada.

Ku yanko ɗan ƙyalle daga bakin turmin, santimita 10 tsawo, 10 faɗi. Ku jiƙa shi cikin ruwan sanyi, ya bushe a inuwa, ku goge, ku sake aunawa. In ya koma 9 da rabi, to kowace mita za ta ci muku santimita 5. Sai ku wanke turmin duka kafin yanka.

Dalili kuwa, zaren auduga a miƙe yake lokacin saƙa, da ya sha ruwa sai ya tsuke. Saƙin hannu ya fi yin haka. Bara na haɗa saƙi da atamfa a riguna shida ban gwada ba, wanki ɗaya kafaɗun suka tattare. Har yau abin yana min ciwo, don kuɗin cefanen wata guda na zuba a babbar kasuwa.

Ku kuma goga jiƙaƙƙen ƙyallen a kan farin yadi. Rinin shuni yana zuba, in ya bar tabo kada ku ɗinka shi kusa da fari.

Amma banda shadda bugaggiya. Da ta taɓa ruwa ƙyallinta ya tafi, sai an mayar wa masu bugu. Ita ku bar mata rara a ɗinki kawai, yadda za a iya saki daga baya.