Yadda na gyara tallan man gyaɗata a WhatsApp

Muna matse man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙauyenmu kusa da Ringim. Na tara lambobin masu saye a kasuwar Gujungu, ina tura musu talla ta broadcast, wato saƙo ɗaya zuwa ga mutane da yawa a lokaci guda, amma shiru kake ji. Na rage farashi, babu canji. Na biya talla a Facebook, sai 'yan nesa da ba zan iya kai wa kaya ba suka yi ta tambaya.

Da na danna saƙon na duba bayaninsa, sai na ga yawancinsu alamar ✓ ɗaya ce, wato saƙon bai isa gare su ba. Ashe broadcast ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, haka ma status.

Ranar Lahadi, duk wanda ya saya nakan ce, "Alhaji, ajiye lambata, ka turo min sallama yanzu." Ina tsaye har ya turo. Na manna lambar a jikin kowace jarka. A WhatsApp Business na kunna saƙon gaisuwa mai ɗauke da farashi, na ware dillalai daga masu sayen kwalba, tunda jerin broadcast ɗaya ba ya wuce mutum 256.

Yanzu oda na shigowa kafin ranar kasuwa. Alhamdu lillahi.