Fita yawo da iyali ranar Asabar a Maleshiya: kurakuran da sababbin zuwa ba sa daina yi

Duk shekara sai an samu sababbin zuwa, yawanci 'yan uwanmu da suka zo digiri na biyu ko na uku a jami'o'in da ke Serdang ko Gombak suka taho da mata da yara, kuma wallahi kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaiɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Na farko shi ne lokacin fita. Mu mun saba a gida sai an karya, an yi wanka, maman yara ta gama girki, sannan a fito wajen sha biyu. A Kuala Lumpur wannan lokacin shi ne mafi muni, rana ta take ga wani zafi mai danshi wanda gumi ba ya bushewa a jiki, yara su fara kuka tun a mota, kuna isa wajen kafin ku zauna hadari ya haɗo, don a nan ruwan yamma da tsawa kusan abin kullum ne. A gidana in za mu fita to daga sallar Asuba babu komawa barci, kayan ci tun dare ake haɗawa, ƙarfe bakwai da rabi muna hanya, kafin Azahar mun dawo ko mun shige wani babban kanti mai sanyi mun yi sallah a surau ɗinsu, wato ɗakin sallah. Filin wasan yara na KLCC da ke tsakiyar Kuala Lumpur kyauta ne har da ɗan wurin wankan yara, amma da safe yake da daɗi.

Yanzu ga wanda ya sa na zauna rubutun nan, sauro. Jama'a sauron nan ba irin na Kano ba ne da ke jiran dare. Mai kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma gab da magariba, wato daidai lokacin da nake cewa ku fita, baƙi ne ƙarami mai ɗigon fari a ƙafafu. Gidan sauro da kuka ɗauro daga gida ba zai kare yaro da ke gudu a cikin ciyawa da gajeren wando ba. Ɗiyata a wani wurin shaƙatawa mai tafki ta kwaso dengin, bayan 'yan kwanaki jiki ya yi zafi rau, tana riƙe kai tana cewa bayan idonta na ciwo, ko ruwa ba ta son sha. Wani maƙwabcinmu ɗan gida har ya kawo maganin maleriya da ya zo da shi a jaka wai a ba ta. Haba malam! Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Asibiti muka ƙare, ana ɗibar jininta kullum ana duba ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini suna ta sauka, ga ƙarin ruwa a hannu, uwarta ba ta runtsa ba, kuɗin da aka ajiye na haya ya tafi, don baƙo ba farashin ɗan ƙasa yake biya ba. Abin da likita ya ja mana kunne a kai shi nake maimaita wa kowa: in yaro ya yi zazzaɓi a ƙasar nan kar a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna iya ƙara zubar jini, farasitamol kawai, a yawaita ba shi ruwa a kai shi gwaji. Kuma lokacin da zafin jikin ya sauka ba yana nufin an warke ba, a nan ne ma haɗarin yake. Tun daga nan man shafawa na sauro a ƙofar mota yake zama, babu yaron da ke sauka sai an shafa masa, dogon wando ko ana kuka. Har yanzu ina ganin iyaye sun baza tabarma kusa da kwata da yamma jariri ba ko safa, raina yana ɓaci sosai.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rana. Batu Caves, kogon da mabiya addinin Hindu ke ibada a ciki, matakala 272 ce, kar ka ba yaro leda ko kwalbar lemo a hannu, biran wajen fizgewa suke, kuma ka duba kar ranar ta faɗo lokacin bikinsu na Thaipusam sai dai in cunkoson kake so. Ka cika katin Touch 'n Go na biyan kuɗin hanya kafin ka hau babbar hanya. Fasfo ko katin ɗalibi ya kasance a jikinka.

Abinci kuma, kasancewar ƙasar Musulmi ce mafi yawa bai sa kowane shago ya zama halal ba, ka nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko ka ga masu shagon Malayawa ne ko 'yan mamak, wato Musulmi 'yan asalin Indiya. Kuma ka ce a rage yaji in na yara ne, sambal ɗinsu ba wasa.

Masu son teku, tsibiran gabas irin su Perhentian da Redang yawancin masaukansu rufewa suke daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu saboda damina da igiyar ruwa, ni Port Dickson nake kai yara, kusa ne kuma a dawo a ranar. Cameron Highlands akwai sanyi, a ɗauki rigunan sanyi, hanyar hawa can ta garin Tapah kuma kwana-kwana ce sosai, kar a cika wa yara ciki kafin a hau, a riƙe leda kusa. In za a shiga daji bayan ruwan sama akwai matsattsaku, a tusa wando cikin safa.

Wanda ke jihar Kedah ko Kelantan ko Terengganu ya sani hutunsu Juma'a da Asabar ne, kar ka shirya ziyarar abokinka na Sintok da ke Kedah ranar Lahadi ka tarar yana makaranta. Lokacin Hari Raya kuwa, wato bikin Sallah, kowa na tafiya ƙauyensu, babbar hanya tsayawa take cak, mu a wannan satin cikin gari muke yawo don a lokacin ne titunan Kuala Lumpur suke zama fayau.