Yadda Ake Koya wa Zuciya Dauriya ta Hanyar Hisabin Dare

Ɗalibin jami'a na Samaru a Zariya da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zaunar a gida wata takwas, da ɗan kasuwar Sabon Gari da ya wayi gari kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin mai a 2023, kowannensu ya sha jin kalmar "sai haƙuri", amma da wuya a samu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake yin haƙurin. Dauriya koyonta ake yi, kamar yadda yaron tela yake koyon ɗinki a bakin keke, kuma mafarinta shi ne mutum ya saba yi wa kansa hisabi kowane dare.

Ka nemi ƙaramin littafin rubutu, ko irin na 'yan firamare ne ya wadatar, ka ware minti 10 bayan sallar Isha'i. Ka rubuta abu guda da ya ɓata maka rai a wunin, sannan ka ja layi ka raba shafin gida biyu, gefe guda na abin da ya fi ƙarfinka, ɗayan kuma na abin da kai ka aikata ko ka yi sakaci da shi. A ce maigidanka ya ci maka fuska a gaban masu sayayya saboda ka makara. Kaushin harshensa ba daga gare ka yake ba, cunkoson motoci a Kwangila ma ba kai ka haddasa shi ba, amma zaman da ka yi a majalisa kana latsa waya har ƙarfe 1 na dare, wannan kam naka ne. Gefen farko ka bar wa Allah, a ƙasan na biyu kuwa ka rubuta gyara guda ɗaya tak wanda za ka yi gobe. Kada ka rubuta "zan gyara halina", domin ba a auna wannan da komai. Ka rubuta "zan tashi daga majalisa ƙarfe 10", wanda washegari za ka duba ka ga ko ka cika ko ka saɓa.

Malamai suna kiran wannan muhasaba, kuma an ruwaito Sayyidina Umar yana cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Sai dai mutane biyu suna kauce wa hanya a nan. Akwai wanda kowace faɗuwa tasa hannu aka sa masa, akwai kuma wanda yake ɗora wa kansa har laifin da ba nasa ba, ya kwana yana zagin kansa. A ganina na farkon ya fi yawa a cikinmu, amma na biyun ya fi saurin durƙushewa, shi ya sa layin nan na tsakiyar shafi yake da muhimmanci ƙwarai.

Zuciya ba ta daurewa a jikin da ya galabaita. Baligi yana bukatar barcin da bai gaza awa 7 ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar ƙafa ta rabin awa a kwana biyar, wadda bayan sallar Asuba ta fi daɗi kafin rana ta buɗe. Idan fushi ya taso da rana tsaka, ka yi aiki da koyarwar Annabi (SAW): mai tsaye ya zauna, mai zaune ya kishingiɗa, ko ya je ya yi alwala, sannan a jinkirta mayar da martani. Neman sauƙin zuciya a tramol da kodin kuwa rance ne da ake biya da lafiya.

Bayan mako guda ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, ko yayanka, ko matarka, ko malaminka na zaure, ka faɗa masa gyaran da ka ɗauka, ka ba shi izinin tambayarka kowace Juma'a. Wanda zai ce maka "ba komai" don kada ranka ya ɓaci bai dace da wannan aiki ba.

Akwai matakin da littafi da abokin shawara ba su isa ba. Idan ƙunci ya kai mako biyu bai sassauta ba, barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, ko tunanin hallaka kanka ya fara zuwa, to lokacin ganin likita ya yi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ka tafi da littafinka, domin likita zai tambaye ka yaushe abin ya fara, kuma amsar tana rubuce a ciki.