Kalmar "misteach" da Kurakuran da Na Gaji da Gyarawa

Duk shekara sai na ci karo da su, a takardun ɗalibai da kuma rahotannin sababbin malamai masu zuwa koyon aikin koyarwa. Misteach ba kalma ce da Turawan yau suke yawan amfani da ita ba, amma mutum zai tsinto ta a ƙamus, ta ba shi sha'awa, ya jefa ta inda ba wurinta ba. Ni ma na taɓa jefawa, kuma abin da ta ja mini har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Tana cikin Turancin dauri, wanda ake yi a Ingila tun kafin Normandawa su ci ƙasar da yaƙi a 1066, kuma a lokacin mistæcan ake rubuta ta. Gaɓa biyu ce. Ta farko ɗafa-goshi ne, mis, mai nufin a karkace ko ba daidai ba. Ta biyu tæcan, wadda ta zama teach a yau, asalin ma'anarta kuwa nunawa, shi ya sa suke dangi da token, wato alama. To in ka haɗa su, misteach ita ce a nuna wa mutum abu ba yadda yake ba. An shiga aji, an yi darasi, amma abin da aka koyar ba daidai ba ne.

A nan ne mafi munin kuskuren yake: ɗaukar mis a matsayin miss, wato rasawa ko rashin halarta. A shekarata ta biyu da fara aiki a wata sakandare, aka ɗora mini kula da rajistar shiga aji. Akwai wani dattijon malamin lissafi da ya haura shekara 30 yana riƙe alli. A wannan zangon mai ɗakinsa tana kwance asibiti, sai ya rasa darasi uku. Da na zo rubuta rahoton mako, na so in nuna na iya Turanci, sai na rubuta cewa he mistaught three lessons. A zuciyata na ce bai samu shiga aji sau uku ba. Abin da takardar ta ce kuwa shi ne sau uku yana koya wa yara lissafin ƙarya.

Shugaban makaranta ya karanta yadda aka rubuta. Ya sa aka tattaro littattafan aikin yara daga ajin, ya kira dattijon ya zo da littafin shirin darasinsa a duba. Bayan an tashi dattijon ya same ni a ɗakin malamai, takardar tana hannunsa an ja wa kalmar layi da jan biro. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, na haife ka. Da ka ga na yi kuskure a allo, ai sai ka same ni tsakanina da kai." Na ce, "Baba, wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba." Ya ajiye takardar a gabana ya fita. Na je na yi wa shugaba bayani, na bi dattijon har gida da wani abokinsa muka ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, amma hirar da muke yi a gindin darbejiya lokacin tara ba ta dawo ba har ya yi ritaya.

Masana tarihin harshe sun ce mis da miss tushensu ɗaya ne can baya, to amma sun raba gari tun da daɗewa, kada wannan ya ruɗe ka. Dabarar da nake bi tun daga ranar ita ce, duk aikatau da na gani da mis a goshinsa, sai in fassara shi a raina da "an yi, amma a karkace". Miscount: an ƙirga, a karkace. Misread: an karanta, a karkace. In fassarar ba ta zauna da abin da nake son faɗa ba, na san ba kalmata ba ce, sai in sake wata.

Kuskure na biyu ya fi damun mu Hausawa saboda harshenmu. Mu da koyo da koyarwa saiwarsu ɗaya: na koyi karatu, na koya masa karatu. Sai yaro ya kwaso wannan ya kai Turanci, ya rubuta he learned me wrong, ko ya sa mislearn a inda ya kamata ya sa misteach. Ba na yi wa yaran faɗa sosai a kan wannan, domin su kansu Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da learn da ma'anar koyarwa, har a rubuce-rubucen Shekisfiya, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila wanda ya mutu a 1616, ana samun haka. Daga baya ne daidaitaccen Turanci ya ƙi shi. Amma mai gyaran jarrabawa ba zai tambaye ka tarihi ba, jan biro zai sa. Ni abin da nake sa su yi, su tambayi kansu wa yake tsaye gaban allo, wa yake zaune a benci. Na tsaye shi yake misteach, na zaune shi yake mislearn.

Waɗanda nake yi wa faɗa su ne malamai. Haba jama'a! Mutum yana da takardar shaidar malanta, ana biyansa albashi don ya koyar da Turanci, ya tsaya gaban yara sittin ya rubuta misteached da alli, su kuma su kwafa, su kai gida su koya wa ƙannensu. Shuɗaɗɗen lokacin teach shi ne taught, saboda haka na misteach shi ne mistaught, babu wata ed a wurin. Ƙamus yana cikin wayar da take aljihunka. Daƙiƙa nawa zai ɗauke ka ka duba kafin ka shiga aji? Kurman gh ɗin nan da ke tsakiya ma yana da dalili: a da ana furta shi daga maƙogwaro, kusan kamar harafin kha na Larabci. Bayan William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster ta Ingila a 1476, rubutu ya riƙa tsayawa wuri ɗaya, sautin kuma ya ɓace daga bakin mutane ya bar haruffansa. Saboda haka a rubuta shi, kada a furta shi.

Sauran ƙanana ne. Harafin s ɗaya ne a misteach. Biyun da kake gani a misspell don spell da s ta fara ne. Untaught wanda ba a koya masa komai ba ne, mistaught an koya masa amma ba daidai ba. Disteach da na taɓa gani a takardar wani ɗalibi ba ta cikin Turancin da ake yi, a bar ta.

Akwai kuma masu musanya ta da miseducate ko indoctrinate kamar duk ɗaya ne. Misteach takan tsaya kan abu guda, ƙa'idar nahawu ko lissafi ɗaya, kuma ba ta ce da gangan aka yi ba. Miseducate ta fi faɗi, tarbiyyar mutum ce gaba ɗaya aka karkatar. Da wannan ma'anar masanin tarihin nan ɗan Amurka, Carter G. Woodson, ya yi amfani da ita a littafinsa na 1933 kan yadda makarantu suke koya wa baƙaƙen fatar Amurka raina kansu da tarihinsu. Indoctrinate kuwa a ƙarni na 17 koyarwa kawai take nufi, babu aibu a cikinta, sai daga baya ta koma cusa aƙida ba tare da ba mutum damar tambaya ba. In ka jingina ta ga malamin da ya yi kuskuren ninka bakwai sau takwas, ka zarge shi da abin da bai yi ba.

Ni yanzu a rahoto ba na ma taɓa misteach. In malami bai shiga aji ba, missed nake rubutawa, in sa rana da sa'a. In kuma ya koyar da kuskure ne, sai in fara samunsa shi kaɗai da littafin a hannuna, mu buɗe shafin tare.